Shagalar matuƙin jirgin sama: inda take fitowa da yadda ake shawo kanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Kyaftin. Ni ɗalibi ne da ke koyon tuƙin jirgin sama, kuma har yanzu a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya nake. Malamina yana yawan yi mini faɗa cewa da zarar an kira ni a rediyo ko na sunkuya ina duba taswira, sai in bar jirgin ya sauko daga tsayin da aka ba ni ko ya kauce daga hanya ban sani ba. Shin wannan matsalar ɗalibai ce da za ta wuce idan na kai ga manyan jirage masu matuƙa biyu da na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, ko kuwa akwai hanyar da ake bi a magance ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar ba za ta wuce ba, kamanninta ne kawai za su sauya. Gogewa za ta rage maka nauyin kowane aiki, ta yadda amsa kiran rediyo ba zai ci hankalinka kamar yadda yake ci yanzu ba, amma babban jirgi yana zuwa da nasa abubuwan da ke jan hankali, kuma haɗurran da suka fi muni a wannan babi sun faru ne a hannun kyaftin-kyaftin da suka shafe shekaru ashirin ko talatin suna tuƙi. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne cewa mutumin da ya shagala ba ya jin ya shagala, domin a ganinsa aiki yake yi, kuma sau da yawa aikin da ya kamata a yi ne. Saboda haka ƙudurin cewa daga yau zan riƙa mai da hankali ba ya wadatarwa. Abin da ke aiki shi ne tsari wanda aka shimfiɗa tun kafin shagalar ta zo, wanda zai tabbatar da cewa a kowace daƙiƙa akwai wanda ke kallon inda jirgin ya dosa.

Dalilin haka yana cikin yadda Allah ya halicci hankalin ɗan Adam. Ayyukan da jiki ya haddace, kamar riƙe sitiyari a sararin da babu gargada, ana iya haɗa su da wani abu. Amma ayyuka biyu masu bukatar tunani, kamar sauraron umarnin hasumiya, wato masu kula da zirga-zirgar jirage, da lissafin mai, ba sa tafiya tare, sai dai hankali ya riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, kuma yakan daɗe a kan wanda ya fi sabunta ko ya fi ba da haushi. Aikin da ya fi shan wahala a wannan tsalle-tsalle shi ne sa ido a kan agogunan jirgi, domin shi aiki ne marar murya: agogon tsayi ba ya kiran sunanka kamar yadda rediyo ke yi, kuma idan ka daina kallonsa babu abin da zai faru nan take. A shekarar 1998 masu bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun bi rahotanni 107 da matuƙa suka rubuta da kansu game da kurakuran da shagala ta jawo musu, suka tarar cewa kusan duka sun faɗa cikin rukuni huɗu: magana, ko da hasumiya ko da ma'aikatan ɗakin fasinja ko tsakanin matuƙan kansu, sai sunkuyar da kai a kan takarda ko kwamfuta, sai neman wani jirgi da ido a waje, sai kuma fama da wani abu da ya lalace. A mafi yawan rahotannin, aikin da aka bari shi ne sa ido. Ka lura cewa babu ɗaya daga cikin huɗun nan da za a ce wa matuƙi ya daina yi gaba ɗaya.

Haɗarin da kowace makarantar tuƙi take karantarwa shi ne na jirgin kamfanin Eastern mai lamba 401, ƙirar Lockheed TriStar, wanda ya taso daga New York zuwa Miami a daren 29 ga Disamba, 1972. Da suka sauke tayoyi, koriyar fitilar da ke nuna cewa tayar gaba ta kulle ba ta kama ba. Matakin farko da suka ɗauka daidai ne: suka fasa sauka, suka hau ƙafa 2,000, suka nufi saman fadamar Everglades don su bincika a natse, suka kuma damƙa jirgin ga na'urar tuƙi. Daga nan ne komai ya lalace. Kyaftin da mataimakinsa suka dukufa a kan ciro murfin fitilar da mayar da shi, injiniyan jirgi ya sauka wani ɗaki da ke ƙarƙashin ɗakin tuƙi don ya leƙa tayar da idonsa, kuma akwai mutum na huɗu, ma'aikacin gyara na kamfanin, wanda shi ma ya shiga cikin maganar. Masu bincike sun fi zaton kyaftin ne ya taɓa sitiyari ba da saninsa ba lokacin da ya juya yana magana, abin da ya sa na'urar ta daina riƙe tsayi. Jirgin ya riƙa sauka a hankali ta yadda jiki ba zai ji ba, dare ne babu wata, fadamar kuma babu fitila ko ɗaya da za ta nuna kusantowar ƙasa. Ƙararrawar da ke gargaɗin kauce wa tsayi ta yi ƙara, babu wanda ya nuna ya ji ta. Mataimakin ya lura da agogon tsayi ne ana saura 'yan daƙiƙoƙi su bugi ƙasa. Mutum 101 suka rasu, kuma daga baya aka tarar tayar tana kulle lafiya lau, ƙwan fitilar ne kawai ya ƙone.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan haɗari shi ne cewa babu wanda ya yi wasa ko sakaci irin wanda mutane ke zato. Mutum huɗu ne ƙwararru suka taru a kan matsala ɗaya, kowa yana ganin akwai mai lura da jirgin, alhali babu wanda aka ɗora wa wannan nauyi da baki. Shekaru shida bayan haka, a ranar 28 ga Disamba, 1978, aka maimaita kusan abu ɗaya a birnin Portland na Amurka: jirgin United mai lamba 173 ya yi ta shawagi na kusan awa guda ana fama da matsalar tayoyi da shirya fasinjoji don saukar gaggawa, har mai ya ƙare, injuna huɗu suka mutu, ya faɗi a wata unguwa kusa da filin jirgi, mutum 10 suka rasu. Mataimaki da injiniya sun ambaci maganar mai, amma ba da ƙarfin da zai fizgo hankalin kyaftin ba. Waɗannan haɗurra suna cikin abin da ya haifar da horon haɗin kan ma'aikatan jirgi, wanda kamfanin United ya fara bayarwa a 1981, kuma yau ya zama wajibi a kusan ko'ina. A ranar 1 ga Janairu, 2007, jirgin Adam Air na Indonesiya ya faɗa teku da mutum 102 bayan matuƙan biyu sun dukufa a kan gyaran na'urar gane hanya, na'urar tuƙi ta saki jirgin, ya yi ta karkata ba su lura ba, wanda ke nuna cewa darasin bai gama shiga ba.

Ƙa'idar farko da ta fito daga nan ita ce idan wani abu ya lalace, kafin a taɓa matsalar sai an faɗa da baki wane ne zai tuƙa jirgin, kuma wanda aka ba tuƙi ba ya shiga cikin gyara ko da yana ganin ya fi sanin maganinta. Shi ya sa miƙa tuƙi yake da lafazi tsayayye, ɗaya ya ce jirgi yana hannunka, ɗayan ya amsa cewa jirgi yana hannuna, don kada a sami lokacin da kowa ke zaton ɗan'uwansa ne ke riƙe. Ƙa'ida ta biyu ita ce jerin fifiko da malaminka ya riga ya gaya maka: tuƙi da farko, sannan sanin inda kake da inda ka nufa, magana a ƙarshe. Ɗalibai sukan haddace wannan jeri amma su juya shi a aikace, domin murya ce ke zuwa a rediyo, kuma tarbiyyarmu ta koya mana cewa rashin amsa kira da sauri rashin ladabi ne. Mai kula da zirga-zirgar jirage ba zai ji haushi ba idan ka ce masa ya dakata, kalma ɗaya ce tak kuma tana cikin lafuzzan da aka amince da su, shi ma ya fi son ka jinkirta amsa da ka sauko cikin tsayin wani jirgi kana tsakiyar maimaita masa umarni.

Game da zatonka cewa na'urar tuƙi za ta ɗauke maka wannan nauyi, zan kai ka Duwala a Kamaru. Jim kaɗan bayan tsakar daren 5 ga Mayu, 2007, jirgin Kenya Airways mai lamba 507, Boeing 737 sabo wanda bai cika shekara ba, ya tashi zuwa Nairobi cikin duhu da hadari. Bayan sun hau kimanin ƙafa 1,000 kyaftin ya saki sitiyari ya yi kiran a kunna na'urar tuƙi, amma na'urar ba ta kama ba, mataimakin bai amsa kiran ba, kuma babu wanda ya duba allo ya tabbatar. Hankalinsu yana kan kauce wa hadari, suna murɗa maɓallin sauya alkibla suna zaton na'urar tana bin umarninsu, alhali kusan minti guda babu mai tuƙa jirgin, ba mutum ba na'ura. Jirgin ya riƙa karkata dama a hankali har ƙararrawar karkata ta yi ƙara, kyaftin ya cafki sitiyari cikin ruɗewa ya ƙara karkatar da shi, suka faɗa fadama da mutum 114, babu wanda ya tsira. Na'urar tuƙi tana rage aikin hannu, amma tana ƙara aikin ido, domin yanzu sai ka lura da jirgin kuma ka lura da abin da na'urar take yi da shi. Don haka ake koyar da cewa duk maɓallin da ka danna, ka karanta sakamakonsa a allo da murya, abokin aikinka ya tabbatar. Rahoton binciken ya kuma taɓo wani abu da ya shafe mu sosai: kyaftin yana da shekara 52, mataimakin 23, kuma yaron mai kawaici ne a gaban babba. Girmama na gaba abu ne mai kyau a ƙofar gida da wurin ɗaurin aure, amma mataimakin da ya ga jirgi yana karkata ya tsaya neman lafazi mai laushi ya bar aikin da aka zaunar da shi dominsa. Tun 2003 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta daina kiransa matuƙin da ba ya tuƙi, ta koma kiransa matuƙi mai sa ido.

Akwai wani nau'in shagala da ya fi wannan ɓoyuwa, wato katsewar aiki. Kana tsakiyar jerin dubawa, wato katin abubuwan da ake bi ɗaya bayan ɗaya a tabbatar an yi su, sai hasumiya ta kira, ko ma'aikaciyar ɗakin fasinja ta shigo da adadin mutane, ka amsa, ka dawo, zuciyarka kuma ta ba ka cewa ka gama. Dalilin shi ne a aikin da aka saba, kowane mataki shi ke tuno da na gabansa, idan aka yanke sarƙar babu abin da zai tuno maka da abin da ya rage, kuma tun da ka yi wannan aiki sau ɗaruruwa, ƙwaƙwalwa tana iya ba ka hoton jiya a matsayin na yau. Abin da aka fi mantawa ta wannan hanya kuma ya fi kisa shi ne filaf, wato allunan da ke zamewa daga fukafuki don jirgi ya iya ɗagawa da ƙaramin gudu. A Detroit, ranar 16 ga Agusta, 1987, matuƙan jirgin Northwest mai lamba 255 sun sami sauyin titin tashi, suka shiga duba bayanai, suka ma wuce kwanar da ya kamata su bi, jerin dubawar da ake yi lokacin tafiya a ƙasa ya salwanta gaba ɗaya. Suka taso babu filaf, ƙararrawar da ya kamata ta gargaɗe su ba ta yi ƙara ba, mutum 154 na cikin jirgin suka rasu da biyu a ƙasa, yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu ce kawai ta rayu. Shekaru 21 bayan haka, ranar 20 ga Agusta, 2008, jirgin Spanair ya yi irin wannan a Madrid. Sun riga sun makara saboda sun koma wurin fakin don gyaran wata na'ura, ga zafi, ga fasinjoji sun ƙosa, da aka zo abu na ƙarshe a jerin bayan tada inji, wanda shi ne filaf, kyaftin ya ce a nemi izinin tafiya. Daga baya mataimakin ya ambaci adadin filaf da baki kamar yadda ya saba, alhali allunan suna ciki. Nan ma mutum 154 suka rasu.

Maganin wannan yana da sauƙin faɗa: aikin da aka katse, a ɗauke shi a matsayin wanda ba a yi ba. Ka san hukuncin mai salla da ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, cewa zai yi gini a kan abin da ya tabbatar. Haka ake yi da jerin dubawa, idan ba ka da yaƙinin inda ka tsaya sai ka koma farko, daƙiƙa ashirin ne kawai za ka rasa. Kuma a lokacin da katsewar ta zo, ka bar wa kanka alama a waje maimakon ka dogara da tunawa: ka riƙe katin a hannu kada ka mayar da shi mazauninsa, ka ɗora yatsa a layin da ka tsaya, ko ka faɗa da murya cewa mun tsaya a filaf. Haka nan kowane abu a jerin sai ido ya gan shi, hannu ya nuna shi ko ya taɓa shi, sannan baki ya amsa.

Katsewa ba ta tsaya a kan jerin dubawa ba, tana yanke tunani ma. A ranar 8 ga Janairu, 1989, injin hagu na jirgin British Midland ya lalace bayan tashi daga Landan, matuƙan suka kashe na dama bisa kuskure. Yayin da suke gangarowa don saukar gaggawa kyaftin ya fara bitar alamomin da suka gani, wanda shi ne damar da ta rage ta gano kuskuren, sai kiran rediyo ya shigo da sabuwar alkibla da tsayi, kuma bai sake komawa kan bitar ba. Jirgin ya faɗi a gefen babbar hanya kusa da Kegworth, mutum 47 suka rasu.

Sai batun hira, wanda shi mutane suka fi sani. A ranar 11 ga Satumba, 1974, matuƙan wani jirgin Eastern da ke sauka a Charlotte cikin hazo sun yi ta hirar siyasa da tsofaffin motoci, suna kuma leƙen wata hasumiyar wurin wasa a waje, har suka bugi ƙasa kafin su kai titi, mutum 72 suka rasu. A 1981 Amurka ta kafa dokar da ta hana duk wata magana ko aiki da bai shafi tuƙi ba lokacin tafiya a ƙasa, da tashi, da sauka, da duk tafiyar hawa ko gangara a ƙasa da ƙafa 10,000, har da cin abinci da sanarwar nuna wa fasinjoji wuraren kallo, kuma kamfanoni a faɗin duniya sun ɗauki wannan tsari. Karya ta ya ci gaba da bayyana a na'urorin naɗar murya, kamar a Dallas a 1988 inda aka yi hira da ma'aikaciyar jirgi aka tashi babu filaf, da Lexington a 2006 inda hirar da ba ta kai minti guda ba ta zo daidai lokacin da jirgin ya shiga gajeren titi mai duhu maimakon dogon da aka ba shi, mutum 49 suka rasu. Doka ce mai kyau, amma a ganina mutane sun ɗora mata fiye da abin da za ta iya, domin hira marar amfani ita ce mafi sauƙin hanawa a cikin dukan abubuwan da ke shagaltarwa, kuma da dokar tana nan a 1972 ba za ta ceci jirgin Everglades ba, tun da maganarsu duka ta aiki ce. Tana kuma da illa idan aka fahimce ta a karkace. A Kegworth akwai ma'aikatan ɗakin fasinja da suka ga wuta tana fita daga injin hagu, ba su sanar ba saboda suna ganin matuƙan sun sani kuma bai dace a dame su ba. Kyaftin nagari yakan gaya wa ma'aikatansa tun a ƙasa cewa hayaƙi, wuta, ɗigar mai ko wata baƙuwar ƙara suna gaban kowace dokar shiru.

Mafi yawan shagalar da ake samu wajen sauka an gina ta ne tun minti talatin kafin nan, lokacin da matuƙan ke zaune babu aikin kirki ba su yi amfani da damar ba. Sauraron yanayin filin da za a sauka, shigar da hanya a kwamfutar jirgi, bitar taswirar sauka da abin da za a yi idan an fasa, duk ana gama su ne kafin a fara gangarowa. Idan dole ne ɗaya ya sunkuya, sai ya faɗa, ɗayan ya san cewa shi kaɗai ke kallo, kuma ba a yarda kawuna biyu su sunkuya tare ba. Idan hasumiya ta sauya maka titi a ƙurarren lokaci, kana da ikon cewa ba za ka iya ba ko ka nemi a ƙara maka nisa. Akasin sunkuyawa ma haɗari ne, kuma duk wanda ya sauka a Kano ko Maiduguri ko Yamai a tsakiyar hunturu ya san shi: hazo ya rufe, kowa ya ƙosa ya ga fitilun titi, sai idanu huɗu su koma waje a bar agogon tsayi da na gudu. Tsarin da ya dace shi ne ɗaya ya tsaya a kan agoguna har zuwa tsayin yanke shawara, wato inda ake yanke ko a sauka ko a fasa, ɗayan ya nemi titi. Don a kama abin da ya kuɓuce duk da haka ne aka sa shinge a ƙafa 1,000 idan ana sauka da agoguna, ko 500 idan ana ganin ƙasa, inda dole gudu da tayoyi da filaf da jerin dubawa su kasance sun kammala, in ba haka ba a fasa sauka a sake zagayowa ba tare da muhawara ba.

Waya da kwamfutar hannu ba sa bukatar dogon bayani. A Oktoba 2009 matuƙan jirgin Northwest mai lamba 188 sun buɗe kwamfutocinsu suna nazarin sabon tsarin rabon aiki na kamfani, suka yi fiye da awa guda ba su amsa rediyo ba, suka wuce Minneapolis da kimanin mil 150, sai da ma'aikaciyar jirgi ta tambaye su lokacin sauka suka farga, kuma an ƙwace lasisinsu. A 2010 wani jirgin Jetstar ya gangaro Singafo ƙasa da ƙafa 1,000 tayoyi ba su sauka ba, saboda wayar kyaftin ta fara karɓar saƙonni ya tsaya yana fama da ita, sai da suka fasa sauka. A 2014 Amurka ta haramta wa matuƙan jiragen fasinja amfani da irin waɗannan na'urori don bukatar kansu a duk tsawon tafiya. Wahalar yau ita ce taswirori da littattafan jirgi sun koma cikin kwamfutar hannu, don haka sai ka kashe duk wata sanarwa da ke cikinta, wayarka kuma ta shiga jaka a kashe tun kafin ka fara zagayen duba jirgi, domin binciken haɗarin wani jirgi mai saukar ungulu na ɗaukar marasa lafiya a Missouri a 2011 ya nuna matuƙin yana ta aika saƙonni a ranar, ya tashi da man da bai isa ba, mutum huɗu suka rasu.

Don ka ga yadda tsarin ke aiki idan an bi shi, dubi jirgin Qantas mai lamba 32, Airbus A380, wanda injinsa ya tarwatse bayan tashi daga Singafo ranar 4 ga Nuwamba, 2010, ɓaraguzai suka huda fiffike suka yanke wayoyi da bututu. Saƙonnin gargaɗi suka yi ta zuba a allo, har mataimakin ya shafe kusan minti hamsin yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Matuƙa biyar ne a ɗakin a ranar, yawan da zai iya zama hayaniya, amma kyaftin Richard de Crespigny ya riƙe tuƙi, ya tsaya kusa da filin jirgi, mataimaki ya riƙe allo, aka tura ɗaya ya leƙa fiffike daga ɗakin fasinja, sauran suka yi lissafin tsawon titin da za a bukata. Mutum 469 suka sauka lafiya.

Kai da kake tuƙi kai kaɗai a ƙaramin jirgi, babu wanda za ka raba aiki da shi, don haka lokaci za ka raba. Ka fara da daidaita jirgin da tirim, wato abin da ke ɗauke wa hannu nauyin riƙe sitiyari, har ya riƙe tsayinsa ko ka sassauta hannu, domin yawancin ɗaliban da ke saukowa idan sun sunkuya suna riƙe da jirgin da ƙarfin hannu ne ba su sani ba, kuma hannu yakan bi inda kai ya juya. Ka ɗago taswira zuwa saitin idonka maimakon ka kai kanka cinya. Kada kallon ciki ya wuce 'yan daƙiƙoƙi: ka murɗa lamba ɗaya ta rediyo, ka dubi waje da agogon tsayi, ka dawo ka ƙarasa. Ka naɗe taswira, ka rubuta lambobin rediyo bi da bi, ka ajiye alƙalami inda hannu zai same shi, duk tun kana ƙasa. Tun da ba kasafai jirginka yake kai ƙafa 10,000 ba, ka sa wa kanka iyakar shiru, misali daga tada inji har ka bar zagayen fili, da kuma daga mil goma kafin sauka, kuma ranar da ka fara ɗaukar 'yan'uwa ka gaya musu wannan kafin a rufe ƙofa, tare da alamar hannu da za ka yi idan kana son a yi shiru. Idan ƙofa ta buɗe wajen tashi, abin da ke faruwa a ƙananan jirage, ƙarar iska za ta firgita ka amma a yawancinsu jirgin zai ci gaba da tashi lafiya, ka bar ta, ka zagayo ka sauka ka rufe, domin an yi asarar rayuka wajen miƙa hannu a ja ƙofa a kusa da ƙasa. Gajiya da ƙishirwa da damuwar gida kuma suna rage abin da hankali zai iya ɗauka, ranar da ka kwana ba ka yi barci ba ka gaya wa malaminka gaskiya.

Ka roƙi malaminka ya riƙa shagaltar da kai da gangan a wurin da babu haɗari, ya yar da alƙalami ya ce ka ɗauko, ya tambaye ka lissafin mai kana tsakiyar shan kwana, ya katse ka a tsakiyar jerin dubawa ya ga ko za ka koma farko. Masu jarraba matuƙa a Amurka an umarce su da su yi haka a jarrabawar lasisi, kuma amsar da suke so a wasu lokuta ita ce ɗalibi ya ce a dakata har ya gama kwanar. Bayan kun sauka ku zauna ku duba ƙafa nawa ka rasa a kowace katsewa da kuma daƙiƙa nawa ka yi kafin ka lura, ku rubuta, sannan ku gwada da na mako mai zuwa. Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya.